Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu Kan Ledar Da Ke Shiga Cikin Kifi

Ta hannun Sarkin Ruwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, magajin Kanta.

Mu ne talakawanka masunta, da matan da ke banda da shanyar kifi a bakin gulbi. Abin da ya kawo mu gabanka, idonmu ne ya gani. Sau da yawa yanzu idan aka farke cikin tarwaɗa ko karfasa, sai a tarar da ɗan yagin ledar fiya wata ko zaren buhu a hanjinta. Iyayenmu ba su san wannan ba.

Ranka ya daɗe, leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana ta gasa ta, ruwa ya yi ta bugunta da yashi, sai ta marmashe. Masana suna lissafa duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba a rukunin wannan marmashin leda, wani ma ido ba ya ganinsa. Kifi yana ɗaukarsa abinci ya haɗiye, cikinsa ya cika da abin da ba ya narkewa, ya ji kamar ya ƙoshi, ya rage kiwo, girmansa ya tsaya. Ƙaramin kifi ya ci, giwan ruwa ta cinye ƙaramin. Babban kifi dai ana cire masa kayan ciki kafin ya shiga tukunya. Damuwar matanmu ita ce ƙananan nan da ake shanyawa ɗungurungum, a daka a zuba a miyar da yara ke sha.

Ba mu wanke kanmu ba. A cikinmu akwai mai yar da tsohon taru na roba a ruwa, akwai wanda ya mai da gidan sauro koma. Duk suna zubar da zare.

Mun tambayi waɗanda suka yi karatun ruwa ko za a iya tace gulbi. Suka ce a gidan ruwa, tankin yashi da tsakuwa yana tare mafi yawan gutsuren kafin a tura famfo, amma gulbi mai gudu ba wanda ya isa ya sa masa rariya. Sai dai a tare ledar tun tana babba. Shi ya sa muke roƙon Sarki ya sa baki ƙaramar hukuma ta kafa ragar ƙarfe a bakin kwalbatoci da magudanan da ke zuba cikin gulbi, a kuma sa masu kwashewa, musamman kafin ruwan farko, don raga mara mai kwasa ambaliya take jawowa. Hakimai da masu unguwanni su hana zuba shara a gaɓa. Muna kuma so a gayyato ma'aikatan cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa su duba hanjin kifinmu, mu san inda abin ya kai.

Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi a 2017. Mu ba mu nemi haka ba tukuna, mun san mai koko da mai ƙosai da ita suke ciniki. Amma tun daga 1934 ake taruwa a Matan Fada don bikin kamun kifi, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma abin da ya tsare kifin wurin shi ne kalmar fada: an ce kada a shiga sai ranar biki, ba a shiga. Muna roƙon wannan kalma ta hau kan leda, har da wadda baƙi ke bari bayan an watse. Mun ɗauki alkawarin fitowa da jiragenmu ranar da aka sa don kwasa, kuma tsohon taru za mu riƙa kai shi ga Sarkin Ruwa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Masu biyayya,
Masunta da mata masu sana'ar kifi na bakin gulbin Argungu