Kada rana da gara su gama da tsofaffin mujallun zane na Yamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili don jawo hankalin masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa, a gefen Babbar Kasuwar Yamai, da masu ajiyarsu a gida. Cikin tarin littattafan lakwal akan tsinci ƙananan mujallun zane, waɗanda ƴan boko ke kira BD, masu ɗauke da gajerun labaran fatalwa, mayu da jiragen zuwa wata duniya. Da yawansu sun haura shekara 40, kuma yadda ake riƙonsu ba za su ƙara goma ba.

Asalin irin wannan mujalla Amurka ne. Daga 1950 kamfanin EC, ƙarƙashin William Gaines, ya riƙa fitar da Tales from the Crypt da Weird Science, labari huɗu a kowace fitowa, kowanne da ƙarshen bazata. A 1954 wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya zauna a kansu, masu bugawa suka kafa hukumar tacewa ta Comics Code, kasuwar ta durƙushe. Waɗanda aka fi gani a nan kuwa fassarar Faransanci ce, kamar ta kamfanin Arédit na garin Tourcoing: ƙananan littattafai santimita 13 da 18, baƙi da fari, an haɗa bayansu da gam.

Matsalar daga takardar take. Ta jarida ce mai araha, da sinadarin itace da ke sakin asid, shi ya sa take yin ruwan ƙasa ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Zafi na hanzarta wannan. Ma'aunin da ya dace da ita digiri 18 zuwa 21 ne, alhali a watan Afrilu Yamai na wuce 40. Wanda ya shimfiɗa su a rana daga hantsi zuwa la'asar toya jarinsa yake yi. Ko akwatin ƙarfe, da ke da kyau wajen hana gara, tanda ne in an ɗora shi kusa da rufin kwano. A sa shi a ɗakin da ya fi sanyi, bisa bulo, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, a kuma leƙa ƙarƙashinsa kowane wata ko gara ta fara gini.

Babbar ɓarna dai hannun mai gyara ke yin ta. Sikoci haramiyar takarda ce: bayan ƴan shekaru ledar ta faɗi, gam ɗin ya nutse ya bar tabon da ba ya fita. Shafin da ya yage a bar shi a wurinsa cikin farar takarda da aka ninka. Masu ƙarfen ɗinki biyu a tsakiya, damina na sa ƙarfen ya yi tsatsa ya ci takardar. A miƙe ƙafafunsa da bakin wuƙa, a zare, a ɗinke da farin zare ta ramukan nan na asali. Masu gam kuma kada a baje su gaba ɗaya, don busasshen gam tsagewa yake, shafuka su zube.

Ƙurar hunturu burushi mai laushi ke ɗauke ta, ba jiƙaƙƙen tsumma ba. In ruwa ya taɓa mujalla, a saka farar takarda bayan kowane shafi huɗu ko biyar, a riƙa canzawa har ta bushe a inuwa. In an ga ƙwari, a ɗaure ta cikin leda, a sa a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifiri har mako guda, in wuta ta yarda. Bayan an fito da ita kada a kwance ledar sai ta kwana, in ba haka ba raɓa ta sauka a kan takardar.

Ga masu kula da ɗakunan karatu, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, littafin a buɗe rabi kawai, cikin hasken taga. A fara da bango da shafin da ke nuna lambar fitowa da shekarar bugu, don su ne suka fi saurin ɓata.

Wassalam.

Wasu masu ajiyar tsofaffin mujallu,
Yamai