Wasiƙa zuwa ga Malam Sani a kan lulluɓe ƙasar lambu

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga saƙonka inda kake kukan cewa ruwan da kake ba tumatirinka da safe ba ya kai azahar. Ni ma na sha wannan fama a ɗan lambuna na bayan gida, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da iskar hunturu da zafin bazara ke tsotse laimar ƙasa, har sai da wani dattijo mai noman rani a fadamar Galma ya nuna mini yadda yake lulluɓe fangalinsa da busasshiyar ciyawa.

Idan ka yi cira ka ba da ruwa sosai, sai ka shimfiɗa busasshen ganyen mangwaro, ko ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa, kaurinsa kamar yatsu 4. Harawa kam ka bar wa tumaki, ta yi wa lambu tsada. Da tsakar rana nakan cusa hannu ƙarƙashin shimfiɗar in ji ƙasa da sanyi da danshi, alhali gefen da ban rufe ba ya bushe ya tsattsage. A da, safe da yamma nake jan guga, yanzu kuwa har kwana guda nakan tsallake. Ciyayi ma ba sa samun hasken da za su tsiro, kuma shimfiɗar in ta ruɓe taki ce.

Sai dai kada ka maimaita kuskuren da na yi bara. Na tula karan masara har jikin gwandata, gindin ya zauna cikin jiƙa, gara ta biyo karan, wata safiya na tarar da ita kwance da 'ya'yanta ɗanyu. Tun daga nan nake barin tazarar tafin hannu kewaye da kowace shuka. Garin katako da nake samowa a Sabon Gari kuwa a sama kawai nake barbaɗa shi, domin idan aka cuɗa shi da ƙasa, ƙananan ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi kan cinye sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata daga ƙasa, ganye ya koma rawaya.

Idan damina ta kankama sai ka rage kaurin shimfiɗar, don ruwan Agusta kan sa saiwa ta ruɓe. Ka rubuto mini irin ganyen da ya fi yawa a wajenku, ka kuma gaida iyali.

Naka,
Ibrahim