Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo

Mai girma Minista, barka da aiki.

Ina rubuto maka wannan wasiƙa daga Sakkwato, saura kwana huɗu in bar ƙasar nan zuwa Malesiya ƙaro karatu na shekara uku. In ma ba ka jin Hausa, ma'aikatarka ba ta rasa wanda zai karanta maka.

Rabona da barci mai nauyi tun ranar da biza ta fito. Jiya ƙarfe biyun dare na tashi na sake buɗe jakar hannu, na duba fasfo da katin rigakafin shawara da takardar makaranta, alhali da hannuna na zuge ta bayan isha'i. Babbar jakar kuwa sau uku muna kai ta sikelin mai sayar da hatsi a bakin layinmu, don kada ta wuce kilo 23. Inna ta cusa kuka da daddawa da yaji, na zare, ta faki idona ta mayar. Wannan duk nawa ne, ba ruwan gwamnati. Wanda zai bar mata da yara uku dole cikinsa ya ɗuri ruwa.

Abin da ya shafe ka shi ne, a cikin tafiyar da za ta ci min kusan kwana guda a sama da ƙasa, ba ƙetare teku nake tsoro ba. Tsorona yana kan ɗan tsakanin nan na awa ɗaya, daga Sakkwato zuwa Abuja.

Ga dalili. Bara na raka ƙanwata za ta bi mijinta ƙasar waje. Jirginta na Abuja da dare ne, don haka muka saya mata tikitin jirgin gida na rana, muna ganin mun bar tazara mai yawa. Muna zaune a filin jirgi saƙo ya shigo waya, wai an ɗaga tashi da awa biyu saboda dalilan aiki. Awa biyu ta cika, shiru. Yarinyar da ke kan teburin kamfanin, wadda ita ma ba ta san komai ba, sai haƙuri take ta bayarwa har muryarta ta dushe. Wani dattijo mai zuwa asibiti a Masar ya shimfiɗa dardumarsa ya kwanta a ƙasa, ledar magungunansa a ƙarƙashin kai. Sai bayan magariba aka ce jirgi ba zai zo ba. Ko ruwan leda ba a miƙo wa kowa ba. Ƙanwata ta rasa jirginta na waje, kuma da yake tikitin biyu ne daban-daban, wancan kamfanin ya ce shi bai san zancen ba, ita ce ba ta zo ba. Kuɗin sauya rana ya fi kuɗin tikitin gidan nesa ba kusa ba. Filin da muka gada aka jinginar.

Ranka ya daɗe, kai babban lauya ne, ka fi ni sanin cewa doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 19 na ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ya tanadi abin sha da abin taɓawa ga fasinjan da aka jinkirta, da masauki idan dare ya yi, da mayar da kuɗi cikin kwana 14 ga wanda ya biya ta banki. Cikin mutum sama da ɗari da muka yini a wurin ranar, ban ga wanda ya san da haka ba. Ni ma daga baya na sani. Me zai hana a rubuta waɗannan haƙƙoƙi da manyan baƙaƙe, da Hausa da Yarbanci da Ibo, a manna a gaban teburin kowane kamfani? Hajiyar da za ta Umara daga Gwadabawa ba za ta shiga intanet ta cike fom ɗin ƙorafi da Turanci ba.

Kada a ce min in bi mota. Wanda ya san hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba zai ba ɗan'uwansa wannan shawara da sauƙin baki ba. Shi ya sa a wannan karo na sayi tikitin gida kwana biyu kafin ranar tafiya, zan biya otal a Abuja daga ɗan guzurin da ya kamata in fara rayuwa da shi a can. Kwana biyun da ya dace in yi da 'ya'yana na sadaukar da su saboda ban yarda da lokacin da aka buga a jikin tikiti ba. Kuma ga hunturu ya kama, hazo ya fara rufe gari.

Hazo dai na Allah ne, kuma ba wanda yake so matuƙi ya yi gangancin sauka inda ba ya gani. Amma hazo ba baƙo ba ne, kowace shekara daga Disamba zuwa Fabrairu yana nan. A ƙarfafa na'urorin sauka a filayen jiragen Arewa, inda abin ya fi tsanani. In kuwa jirgi ba zai zo ba, a faɗa mana gaskiya tun da safe, mutum ya nemi mafita da sauran rana.

Wani abin da ke min ciwo shi ne tarihi. A Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a 1925. Kamfanin KLM ya yi ta jigila tsakanin Kano da Amsterdam tun 1947 har ya janye a 2012. Kamfanin jiragen gwamnati, Nigeria Airways, ya durƙushe a 2003. Yau ɗan Arewa mai zuwa wurare da yawa sai ya fara gangarawa Abuja ko Legas, ya ɗora dukan tafiyarsa a kan jirgin gida guda ɗaya. Na yaba da tsayuwar da ka yi har Air Peace ya fara zuwa Landan a watan Maris na 2024. Irin wannan ƙarfin nake roƙon ka sa wajen haɗa kamfanonin gida da na waje su yi yarjejeniya, ta yadda zan sayi tikiti ɗaya daga Sakkwato har Kuala Lumpur, in jirgin farko ya makara, alhakin kai ni ya rataya a wuyansu.

Jibi da safe, in Allah ya kai mu, zan kama hanyar filin jirgi. Inna ta ce ba za ta raka ni ba, ba ta iya kallon tashin jirgi. Ƙaramar 'yata kuwa ta tambaye ni ƙarfe nawa zan tashi don ta fito tsakar gida ta ɗaga min hannu. Na ce mata tikiti dai ya ce ƙarfe ɗaya.

Na gode. Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Sakkwato