Rahoton Ayyukan Shekara: Renon Fulawar Pothos a Cikin Ɗaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin kwamitin gudanarwa, muna gabatar wa 'yan'uwa mambobi bayanin ayyukan shekarar da ta ƙare, wadda muka keɓe wa fulawar nan mai yaɗo da hawa, pothos, da masana ke kira Epipremnum aureum. Asalinta daga tsibirin Mo'orea ne da ke Tekun Fasifik, kuma mun zaɓe ta saboda tana jure ƙarancin haske ba ta kuma neman fili, abin da ya dace da mambobinmu mazauna gidajen haya.

Mun fara da rabon iri, inda aka koya wa mambobi yanke reshe a ƙasan gaɓa a tsoma shi cikin kwalbar ruwa, saiwa ta fito a cikin mako 2 zuwa 4. Mun jaddada a riƙa canza ruwan kowane mako, domin sauro na hayayyafa a ruwan da ya daɗe a tsaye.

Aikin da ya fi ci mana lokaci shi ne ziyarar gidaje, kuma a nan muka ga cewa yawan ban ruwa ne ya kashe mafi yawan fulawar da aka yi asara. Mai gida zai ga ganye ya yi rawaya, ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, alhali saiwar ta riga ta fara ruɓewa saboda tukunyar ba ta da hujin da ruwa zai tsiyaye. Shawarar kwamiti ita ce a yi amfani da tukunyar ƙasa mai huji, a gauraya ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, kuma kada a zuba ruwa sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Da damina a rage ruwa sosai. Da hunturu kuwa, ƙura ce matsalar, sai a riƙa goge ganye da tsumma mai laima, da bazara kuma a janye tukunyar daga tagar da rana ke bugawa kai tsaye.

Mun kuma gwada kafa sanda da aka naɗe da buhun algarara ana jiƙa shi, kuma duk wadda ta sami abin kamawa ganyenta ya fi faɗi. A daji ganyen kan kai tsawon mita 1. Ba mu goyi bayan a bar ta ta hau bango ba, domin saiwoyinta na ɓata fenti. Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da ke kama fulawar kuwa, ruwan sabulu da man darbejiya sun wadatar a kansu.

Wasu sun yi tambaya ko pothos na tsaftace iskar ɗaki. Gaskiya ne hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sa pothos a bincikenta na 1989 kan tsirrai masu tsaftace iska, amma a rufaffun akwatuna aka yi gwajin, don haka fulawar ba ta maye gurbin buɗe taga. Abin da ya fi damun kwamiti shi ne ganyen na ɗauke da sinadarin kalsiyam okzalet mai ƙona baki da kumbura maƙogwaro, saboda haka muna roƙon iyaye su ɗaga ta inda yara da kyanwa ba za su kai ba.

Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi a babban taro. A baɗi, in sha Allahu, za mu ci gaba da ziyarar gidaje, mu kuma ƙara da wasu fulawoyin ɗaki, wato monstera da philodendron.