Surukaina za su zo Kano, ni kuma ban taɓa cin abinci a gabansu ba

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah Ya saka miki da alheri kan yadda kike warware wa jama'a damuwarsu a wannan fili. Ni magidanci ne, ma'aikacin gwamnati, haifaffen cikin birni, amma yanzu ina haya a Hotoro, ciki biyu da falo. Maiɗakina 'yar Gombe ce, kuma ita ce 'yar fari a gidansu. Ƙarshen watan nan iyayenta za su zo, Baba zai ga likitan ido ran Litinin, shi ne suka ce bari su iso tun Juma'a da yamma su ga gari, su ga jikoki.

Wani zai ce ina abin neman shawara a nan? To, Hajiya, kin san halinmu. Tun da aka ɗaura mana aure, tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai. In na je Gombe, na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa, ya tambaye ni mutanen Kano da aiki, na ce lafiya lau, shi ke nan na koma masauki a kawo mini abinci ni kaɗai. Inna kuwa ko sunan 'yarta ba ta kamawa, balle nawa. Yanzu ga shi an ce ni ne zan ɗauke su a mota, in zaga da su, in yi ta bayani, in kuma zauna da su a ci abinci.

Yawon kansa ba ya ba ni tsoro, don gari nawa ne. Baba tsohon hedimasta ne, ya yi karatu a nan tun ana ce wa makarantar Kwalejin Abdullahi Bayero, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, kuma ya aiko wa 'yarsa da wuraren da yake son komawa. Asabar ɗin ta faɗo ranar tsaftar muhalli, ba fita sai ƙarfe 10, saboda haka na tsara mu fara da Gidan Makama, ya ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da makamai da hotunan zuwan Turawa a 1903, mu tsaya a Ƙofar Kudu ya kalli Gidan Rumfa, sai mu gangara marinar Ƙofar Mata. Can nake jin zai daɗe. Karofin da ake cewa tun 1498 yake, yawancin ramukan sun bushe yanzu, amma har yau za ka tarar da dattijo a tsugune bakin rami, hannunsa shuɗi har gwiwa, yana tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka yana ɗagowa ya sha iska, ga ƙarar mabuga daga gefe. Mutum irin Baba ba ya wuce irin wannan wuri bai yi tambaya ashirin ba. Inna kuma ba ruwanta da tarihi, Kantin Kwari take so, za ta yi wa autarta sayayyar atamfa, sai Kurmi don kayan ƙamshi da kwanuka. Wannan na bar wa maiɗakina da ƙanwata su hau A Daidaita Sahu su je, don ko na bi su ɗaukar leda zan yi.

Sai maganar Dutsen Dala. Baba ya ce lallai sai ya hau, wai rabonsa da ganin Kano daga sama tun yana saurayi, lokacin badala tana tsaye kusan ko'ina. Mutumin nan ya haura saba'in, yana fama da gwiwa, ga idon da ya kawo shi. Matakalar nan ni kaina sai na tsaya na huta a tsakiya. 'Yarsa ta ce ni zan hana shi, wai zai fi jin nauyina. Ni kuma da wane baki zan ce wa surukina ƙarfinsa bai kai ba? In na yi shiru ya hau wani abu ya faru, ni za a kalla.

Amma abin da ya fi hana ni barci shi ne abinci, don a nan gidana ya rabu biyu. Maiɗakina tana son daren Asabar mu kai su wani gidan abinci a Nasarawa, irin mai sanyin nan da ake kawo takarda ka zaɓa. Ta ce iyayenta sun sha wahala a kanta, ba su taɓa zama an yi musu hidima irin wannan ba, kuma ita ma tana son ta zauna da su maimakon ta wuni a kicin. Na fahimce ta, wallahi. Da na gaya wa Umma, mahaifiyata, sai ta ajiye carbi ta dube ni. Ta ce a gidanmu ba a taɓa kai suruki cin abincin sayarwa ba, mutanen Gombe za su koma su ce 'yarsu ba ta iya girki ba ko kuma dangin miji ba su san baƙo ba. Ita har ta gama shiri: funkaso da miyar taushe ran Juma'a, waina da safe, tuwon shinkafa da dare, ta sa a yi mata alkaki da dubulan na tsaraba, ta kuma ce in yi odar gurasa daga Jakara, a yi bandashe da ƙuli da man gyaɗa da albasa, in haɗo da kilishin Agadasawa. A gaskiya ra'ayina ya fi karkata wajen Umma, kuma ba don aljihu kaɗai ba, ko da yake shi ma yana da bakin magana a ƙarshen wata. A gida, za a kai wa Baba nasa ɗaki, Inna ta ci da jikokinta, ni in ci nawa a waje, kowa ya sake. A gidan abinci kuwa teburi ɗaya ne, ina fuskantar Baba, Inna tana fuskantar 'yar farinta, kowa na juya cokali. Ina tsoron a kashe kuɗi a tashi da yunwa. Da na faɗa wa maiɗakina haka sai ta ce ni dai kullum abin da Umma ta ce shi ne, kuma tun ranar maganarmu ba ta wuce ta yara da cefane.

Ga masauki ma. Baba ya ce ba zai kwana gidan 'yarsa ba. Kawuna ya ba da shagonsa, wato ɗakin ƙofar gidansa, a cikin gari, wanda shi ne mutunci a al'ada, sai dai banɗakin tsuguno ne, ga gwiwar nan. Otal kuma Umma ta ce kamar mun kore su ne.

Hajiya, ki taimaka mini da abu uku. Shin in na bi ta Umma a kan abinci na tauye wa matata haƙƙinta a kan iyayenta, tunda baƙin nata ne kafin su zama nawa? In kuma ya kama mu zauna teburi ɗaya, mu da muka taso da alkunya, ya mutum zai yi ya ci abinci gaban surukinsa ba a ce ya yi rashin ta-ido ba? Sannan wa ya dace ya yi wa Baba maganar Dala, ni ko Kawu da yake sa'ansa ne? Ina roƙon a karanta amsar kafin ƙarshen wata, kuma a sakaya sunana, don Umma ba ta wuce shirin nan.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naki,
Wani magidanci daga Hotoro, Kano