Sanarwa ga ƴan rukunin masu lambu

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu lambu a bakin Kogin Kaduna. Rani ya yi, ruwa ya ja baya, kwatocin gari kuwa na ta kwarara ciki. Ƙwan tsutsar ciki ba ya ganuwa, amma yana maƙalewa a latas da kabeji, kuma ɗanye ake cin su, har ƴaƴanmu.

Don Allah kada bakin tiyo ya taɓa laka, can ƙwan yake kwanciya. A tara ruwa a rami ya kwana ya kwanta, a ja na sama a hankali, mai hali ya tace da yashi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: kada ƙwan ya wuce 1 a lita. A zuba a gindin shuka, ban da ganye.