Kada a taɓa fuskar tsohon agogo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da ma'aikatanku. Ni mai gyaran agogo ne a nan Tawa, rumfata tana gefen babbar kasuwa, kuma a hannun mahaifina na gaji sana'ar. Na san wani zai ce ana fama da kuɗin tiyar gero, wa ke ta agogon miliyoyi? Gaskiyarsa. Amma ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai sun fara zuba dukiya cikin agogo, sannan akwai tsofaffin agogo kwance cikin akwatunan iyayenmu da suka yi bida a Abijan da Libiya. Don waɗannan biyun na ɗauki alƙalami.

Watan jiya ɗan wani aminina ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp daga Dubai, ya ce, "Baba, wanne zan ɗauka?" Duka ukun Rolex Daytona ne na ƙarfe, irin agogon nan mai maɓalli biyu a gefe, ɗaya na tayar da hannun awo da tsayar da shi, ɗaya na mayar da shi sifiri, da ƙananan idanu uku a fuska. A 1963 aka fara fitar da shi don masu tseren mota, sunan ma na wani gari ne a Fulorida ta Amurka inda ake tseren. Biyu daga cikin hotunan ƙirar 2016 ce, mai lamba 116500, mai zoben baƙin tangaran: ɗaya farar fuska, ɗaya baƙa. Inji ɗaya, girma ɗaya, milimita 40, amma dillalin ya ɗora wa farar kuɗi sama da baƙar, don ita ake yayi, ita ake ce wa Panda. Na ukun tsoho ne, mai lamba 16520, baƙar fuska, sai dai zobban da suka kewaye idanun nan uku sun koma ruwan ƙasa kamar goron da aka tauna. Shi ne ya fi su tsada, kuma shi zuciyar yaron ke so.

Na ce masa ya dakata tukuna.

Wannan tsohon, daga 1988 zuwa 2000 aka yi shi, lokacin da Rolex ke ɗaukar injin El Primero na kamfanin Zenith yana yi masa gyare-gyare, har da rage bugunsa daga 36,000 zuwa 28,800 a awa. Gane shi ba wuya: hannun daƙiƙa yana idon da ke ƙarfe 9, alhali a ƙirar da ta biyo baya ya sauko ƙarfe 6. A wasu na tsakiyar shekarun 1990, man da aka shafa wa zobban bai kare su da kyau ba, sai azurfar ta rine da kanta. Kuskuren masana'anta ne zalla. Masu tara agogo suka laƙaba masa sunan Patrizzi, wani ɗan Italiya mai gidan gwanjon agogo, daga nan aibi ya koma ado, kuɗi ya tashi.

Haka abin yake tun asali a wannan harka. Cikin shekarun 1960 da 1970 an yi wata fuskar Daytona daban, wadda kamfanin Singer mai yin fuskokin agogo ya buga, mai ƴan murabba'ai a kan layukan idanun, kuma idon daƙiƙa yana nuna 15, 30, 45, 60 maimakon 20, 40, 60. A lokacin ba ta yi farin jini ba, ta daɗe kwance a kantuna. Da aka riƙa ganin ta a hannun ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman, sai ta ɗauki sunansa. Nasa na kansa, wanda matarsa ta ba shi, an yi gwanjonsa a gidan Phillips a New York cikin Oktoban 2017, ya kai dala miliyan 17.8, kusan biliyan 10 na sefa a canjin lokacin. Injin da ke ciki na kamfanin Valjoux ne, wanda ake wanawa da hannu, irin wanda ke cikin ƴan'uwansa masu fuska ta yau da kullum. Mai irin wannan fuska yana ninka kuɗin ɗan'uwansa sau da dama, kuma bambancin duka yana kan faifan tagulla da bai kai faɗin murfin gwangwanin tumatir ba.

To, Malam Edita, inda kuɗi ya taru a kan fenti, nan ƴan jabu ke kafa rumfa. Ana gasa fuska, ana shafa mata magani don ta rine. Ana ciro fuska daga wani agogo a dasa wa wani. Ana buga sabuwa fil a tsufar da ita. Shekarata talatin da ɗoriya da gilashi a ido, amma ko ni ba zan rantse a kan zoben da na gani a hoton salula ba. Sai na kwance agogon, na ciro fuskar, na juya bayanta na ga tambarin wanda ya buga ta, na duba ƙafafunta ko an taɓa yi musu walda. Sai na ga ko rinin ya bi zobban a hankali, wani wuri ya fi wani, ko kuwa ya zauna sumul kamar an zuba. Sai na kashe fitila na ga garin fentin da ke haske da dare: na wancan zamanin tiritiyom ne, ana rubuta harafin T a ƙasan fuska gefen SWISS, kuma bayan shekara talatin ya kamata ƙarfinsa ya mutu. In na ga yana ƙyalli tangararau kamar na jiya, to wani ya riga ni shiga.

Na tambayi yaron ko dillalin zai yarda a buɗe a gaban wani masani da ba nasa ba. Ya ce ya ƙi. Na tambaye shi takardar asali mai lambar da ta dace da ta jikin agogon, ya ce wai ta ɓace. Na ce, "Ɗana, to bar shi. Tsakanin fara da baƙa kuma, ɗaura kowanne ka fita rana ka duba lokaci. Wanda idonka ya karanta ba tare da ka karkata hannu ba, shi ne naka." Ni dai baƙar na fi so, don ƙarin da ake biya wa farar kuɗin yayi ne, kuma yayi ba ya zama wuri ɗaya. Ya ɗauki baƙar, da katinta da akwatinta.

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda ya sa na ce sai na rubuto, nawa ne na kaina.

Ina saurayi a rumfar nan wani dattijo ɗan Adar ya kawo mana Omega Speedmaster, irin wanda ƴan sama-jannatin Amurka suka ɗaura zuwa wata a 1969. Ya ce a Abijan ya saye shi hannun wani Bature, da kuɗin shekara biyu na talla. Rana da raɓar bakin teku sun mayar da baƙar fuskar ruwan ƙasa, kamar gasasshiyar gyaɗa, fararen layukan sun koma ruwan madarar da ta kwana. Ya ce, "Yaro, agogona ya ƙoɗe, a mayar mini da shi sabo." Na yi murna da aikin. Na aika Yamai, na jira wata biyu aka samo mini sabuwar baƙar fuska, na ɗaga hannuwan nan shida ɗaya bayan ɗaya, na sassauta ƙafafun tsohuwar, na dasa sabuwar. Ya biya ni, ya sa mini albarka. Tsohuwar kuwa na jefa ta cikin gwangwanin da nake tara sukurori.

Sai bayan shekaru na gane cewa wannan ƙoɗewar ita Turawa ke nema ido rufe, har suna kiran ta fuskar ƙasashen zafi. Ranarmu ce ke yin ta, mu kuma muna kankare ta, muna fentin ta, muna zubar da ita. Da hannuna na rage wa bawan Allah nan dukiyar da zai bar wa ƴaƴansa, yana yi mini godiya.

Don haka ina roƙon ku isar da wannan ga masu karatu, musamman abokan sana'ata na Yamai da Maraɗi da Damagaram. In aka kawo tsohon agogo mai maɓalli, a wanke inji, a sa mai, a sake robar da ke hana ƙurar hunturu shiga, amma kada a goge fuska, kada a sake ta, kada a taɓa hannuwa da fenti. Mai agogo kuma, ko Turai zai aika shi, ya rubuta a takarda cewa bai yarda a canza fuska ba, don ko a manyan wuraren gyara na can, sake tsohuwa da sabuwa aiki ne na yau da kullum. In ta kama dole a canza, a karɓi tsohuwar a adana.

Dattijon nan Allah ya yi masa rasuwa. Bara babban ɗansa ya kawo agogon ya tsaya. Na zazzage gwangwanin a kan tabarma na same ta a ƙasa, da ɗan karce wajen ƙarfe 4 inda sukurori suka goge ta. Na faɗa masa duk abin da ya faru tun daga farko. Ban mayar da ita ba, don garin hasken ya fara zuba, ina tsoron ya shiga inji. Na naɗe ta a auduga na sa a kwalin ashana, na ce masa duk inda agogon ya je, ta bi shi.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran agogo,
Tawa, Jamhuriyar Nijar